Kafin a Yi Gardamar Ciniki, a Fara Duba Mudu

A watan Yulin 2022, lokacin da dogon yajin aikin malaman jami'o'i ya zaunar da mu a gida, aka fitar da hoton farko da madubin hangen nesa na James Webb ya ɗauko. Ina zaune a teburin mai shayin unguwarmu na nuna wa wani abokina hoton a waya. Hoton wani gungu ne mai suna SMACS 0723, wanda aka ce hasken da muke gani ya baro shi tun shekara biliyan 4.6 da suka wuce, kuma nauyinsa ne ya lanƙwasa hasken abubuwan da ke bayansa har suka yi kamar an ja su da hannu. Abokin nan nawa ya duba, ya sake dubawa, sannan ya miƙo mini wayata ya ce, "Kyau kam akwai kyau. Amma malam, wa ya ɗora shi a sikeli? Mutum bai taɓa zuwa wuri ba, ba kuma zai taɓa zuwa ba, ya ce maka ga nauyinsa. Wannan ai shaci-faɗi ne." Mai shayi ya yi dariya, ni kuwa na yi shiru don ba ni da amsa.

Tun daga ranar nake bin diddigin maganar, kuma abin da na fahimta ne nake son in tattauna da 'yan'uwana ɗalibai a wannan fili. A nawa ra'ayin abokina ya yi kuskure, amma tambayarsa ta fi shirun mutane da yawa daraja, musamman irin waɗanda duk lambar da suka ji a rediyo ko suka gani a jarida sai su haɗiye ta ba tauna. "Da wane mudu aka auna?" ita ce tambayar da wannan fanni gaba ɗaya ya rataya a kanta. Ina kuma ganin waɗanda suka fi cancantar yabo da kuɗin bincike a cikinsa su ne masu zaman gyaran mudun, duk da cewa ba su ake bugawa a shafin farko ba.

Bari mu fara daidaita kalmomi, tunda sana'armu ke nan. Kaza da 'ya'yanta, waɗanda kowannenmu ya taso yana gani, tarin taurari ne da ke nan kusa, tafiyar haske ta kimanin shekara 440. Ba irinsu nake nufi ba. Su da ranarmu da duk wani tauraro da ido ke iya warewa suna cikin wani gagarumin tsari guda mai taurari fiye da biliyan 100, wanda zan kira "birnin taurari". Irin waɗannan birane ba su da iyaka a ƙirge, kuma a wasu wuraren ɗaruruwa ko dubbai daga cikinsu sukan taru, ƙarfin jan juna ya ɗaure su wuri ɗaya. Wannan taro shi ne "gungu". Babban gungun da ya fi kusa da mu shi ne na Virgo, tafiyar haske ta kusan shekara miliyan 54. Na Coma yana kusan miliyan 320, da birane fiye da 1,000 a cikinsa. Manyan gunguna sukan kai nauyin rana sau tiriliyan 1,000, kuma su ne mafi girman abubuwan da ƙarfin ja ya riga ya ɗaure a sararin samaniya. Idan na ce "nauyi" a nan, ina nufin yawan abin da ke ƙunshe cikin jiki, wanda shi ke haifar da ƙarfin ja.

To, wa ya fara ɗora su a sikeli? Wani masani ne ɗan ƙasar Suwizalan da ke aiki a Kalifoniya, Fritz Zwicky, a 1933. Dabararsa ba ta fi ƙarfin wanda ya taɓa harba majajjawa ba. Gwargwadon saurin da kake juya dutse, gwargwadon ƙwarin da igiyar take bukata, in ba haka ba ta tsinke dutsen ya tafi. Biranen da ke cikin gungu suna ta kai-kawo, igiyar da ke riƙe da su kuwa ita ce ƙarfin jan gungun. Saurinsu ana iya gane shi daga haskensu, kamar yadda kunne ke gane ko motar asibiti tana tahowa ko tana wucewa daga sauyin ƙarar jiniyarta: hasken abin da ke nesanta da mu yana karkata zuwa ja, na mai kusantowa zuwa shuɗi. Zwicky ya ɗauki saurin birane takwas na gungun Coma, ya ga suna gudun kusan kilomita 1,000 a sakan ɗaya a junansu. Da ya lissafa nauyin da zai iya riƙe masu irin wannan gudu, sai ya ga ya ninka nauyin taurarin da ake gani kusan sau 400. Ya ce lalle akwai wani abu a wurin da ba ya haske.

Ga darasi na farko a nan, kuma shi ne wanda masu ba da labarin suka fi tsallakewa. Zwicky ya yi daidai a hukunci, amma lambarsa ta 400 ta wuce gona da iri ƙwarai, domin ma'aunin nisan da ake amfani da shi a zamaninsa gurɓatacce ne. Saurin faɗaɗar sararin samaniya da aka yarda da shi a lokacin ya ninka na yau kusan sau takwas, wanda ya sa aka ɗauki gungun ya fi kusa da mu fiye da yadda yake. Wato tun ranar da aka haifi fannin, matsalar mudu tana tare da shi. Masana da yawa sun yi biris da maganarsa har wajen shekara 40, sai da Vera Rubin da Kent Ford da wasunsu suka ga irin wannan giɓi a cikin biranen taurari ɗaiɗai a shekarun 1970.

Wata 'yar magana kan suna. Zwicky da Jamusanci ya yi rubutu, ya kira abin "mai duhu", sauran harsuna suka bi shi. Na sha jin ana fassara shi da "baƙin abu", ni kuwa ban gamsu ba. Baƙin abu yana tare haske, yana yin inuwa. Wannan ba ya fitar da haske, ba ya tare shi, haske yana ratsa shi kamar babu komai. Ta nauyinsa kaɗai ake sanin yana nan, saboda haka zan kira shi "ɓoyayyen nauyi".

Mudu na biyu daga gaɓar tekun Afirka aka harba shi. Ranar 12 ga Disamba, 1970, aka tashi wani tauraron ɗan'adam na Amurka daga wani dandamali da Italiya ke gudanarwa a teku kusa da Malindi ta ƙasar Kenya. Da yake ranar ta dace da bikin 'yancin kan Kenya, sai aka raɗa masa suna Uhuru, wato 'yanci da harshen Swahili. Aikinsa shi ne hango hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, wanda iskar duniya ke tarewa ba ya isowa ƙasa. Ba a jima ba ya nuna cewa gunguna irin su Coma da Perseus suna fitar da wannan haske daga fili mai faɗi. Ashe abin da ake ɗauka fanko ne tsakanin birane cike yake da wata siririyar iska mai zafin digiri miliyan 10 zuwa miliyan 100, wadda nauyinta ya ninka na dukkan taurarin gungun sau da yawa. Wannan iska ta zama sabon ma'auni. Tururi mai zafi yana ture murfin tukunya, idan ka ga murfi bai ɗaga ba to ka san nauyinsa ya kai. Daga zafin iskar da yadda ta bazu, ana lissafa nauyin da ya danne ta.

Mudu na uku shi ne wanda ya bayyana a hoton da na nuna wa abokina. Einstein ya nuna cewa nauyi yana lanƙwasa hanyar haske, Zwicky kuma tun 1937 ya ce za a iya auna gunguna da haka. Duba haske ta gindin tambulan, za ka ga ya miƙe ya zama baka. Haka gungu ke yi wa hasken biranen da ke can bayansa. A ƙarshen shekarun 1980 aka tabbatar da irin waɗannan bakuna a gungun Abell 370, a 1990 kuma aka fara auna 'yar ƙaramar karkatar da ake gani idan aka haɗa siffofin birane masu yawa na baya aka ɗauki matsakaicinsu. Alherin wannan hanya shi ne ba ruwanta da ko gungun a natse yake ko a hargitse. Nauyi kawai take gani.

Yanzu ga amsata ga abokina. Idan alƙali ya sami shaidu uku da ba su san juna ba, ɗaya ya zo da gudun birane, ɗaya da zafin iska, ɗaya da lanƙwasar haske, kuma duk suka faɗi magana ɗaya, ba a kiran hukuncinsa shaci-faɗi. Duk ukun sun nuna cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na nauyin gungu ɓoyayye ne, mafi yawan saura iska ce mai zafi, taurarin da muke sha'awa a hoto kuwa 'yan kashi kaɗan ne. Akwai ma shaidar da ta fi wannan kama hankali. A 2006 Douglas Clowe da abokan aikinsa suka wallafa nazarin wani wuri da ake kira Gungun Harsashi, inda gunguna biyu suka yi karo suka ratsa juna. Biranen taurari sun wuce ta gefen juna ba tare da sun taɓu ba, saboda tazarar da ke tsakaninsu tana da yawa. Iskar gungunan biyu kuwa ta gwabza, ta rage gudu, ta tsaya a tsakiya, kamar yadda madubin Chandra ya nuna. Da aka auna da lanƙwasar haske, sai aka ga mafi yawan nauyi ba ya wurin iskar, duk da cewa ita ce mafi yawan abin da ake gani. Ya bi biranen ya wuce gaba. Har yau ba a kama ƙwayar wannan ɓoyayyen nauyi a ɗakin gwaji ba, kuma akwai masanan da tun 1983, bisa shawarar Mordehai Milgrom, suke ganin dokar ja ce ke bukatar gyara. Ra'ayinsu yana aiki da kyau a biranen taurari ɗaiɗai, amma idan aka zo gunguna sai a ga ko da gyaran nasu akwai sauran nauyin da ba a gani.

Da a nan maganar ta tsaya, da na ce abokina ya sha kaye mu tashi. Amma Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Shaidun nan uku sun yarda a kan kima. A kan mudu kuwa, wato a kan kashi 10 ko 20 ko 30 na ƙarshe, sun sha saɓawa, kuma a wannan ɗan giɓi ne babbar tambaya take.

Dalili shi ne gunguna ba haka aka same su ba, girma suka yi. Shekarun sararin samaniya kimanin biliyan 13.8 ne. A farko abubuwa sun bazu kusan daidai wa daida, sai ɗan bambanci kaɗan, nan ya ɗan fi can cika. Wurin da ya fi cika ya riƙa janyo na kusa da shi, ƙananan taro suka haɗu suka zama manya, manya suka haɗiye ƙanana. Tun da haske yana ɗaukar lokaci kafin ya iso, duban nesa duban baya ne: gungun da haskensa ya yi shekara biliyan 7 a hanya, muna ganinsa ne yadda yake a wancan zamani. Idan aka jera gunguna daga na kusa zuwa na nesa, an sami tarihin girmansu a jere kamar hotunan yaro daga goyo zuwa gemu. Tun 1978 Harvey Butcher da Augustus Oemler suka lura cewa gungunan nesa sun fi na kusa yawan birane masu launin shuɗi, wato masu haihuwar sababbin taurari, na kusa kuwa sun cika da tsofaffi jajaye da suka daina. A 2018 aka ba da labarin wani taro mai suna SPT2349-56, birane 14 a matse suna shirin haɗewa tun sararin samaniya na da shekara kusan biliyan 1.4, wato gungu tun yana ciki ba a haife shi ba.

Saurin wannan girma ya dogara ne da kokawar ƙarfi biyu: ja da ke tara abubuwa, da faɗaɗar sararin samaniya da ke raba su. Saboda haka idan ka ƙirga manyan gunguna nawa ne a kowane zamani, ka auna sararin samaniya da kansa. Kuma hanyar ta yi aiki. A 1993 Simon White da abokan aikinsa suka yi amfani da rabon iska da ɓoyayyen nauyi a gungun Coma suka nuna cewa abin da ke cikin sararin samaniya bai kai yadda ra'ayin da ya fi rinjaye a lokacin yake cewa ba. A 1998 Neta Bahcall da Xiaohui Fan suka kai ga irin wannan hukunci da manyan gunguna uku kacal na nesa, domin da sararin samaniya a cike yake maƙil, da gunguna sun makara wajen girma, da ba a sami irin waɗannan tun da wuri haka ba. A wannan shekarar ce wasu masanan, ta hanyar taurari masu fashewa, suka gano cewa faɗaɗar ma ƙara sauri take yi. Bayan shekara goma, nazarin gunguna 86 da madubin Chandra ya nuna cewa girman gunguna ya ragu a zamunan baya-bayan nan, daidai da abin da wannan ƙarin sauri zai jawo.

Sai dai ƙirgar nan tana da wani hali mai haɗari. Ɗauki misalin kara ranar kasuwa. Shanu matsakaita suna da yawa, manyan bijimai kaɗan ne, waɗanda suka fi kowa girma kuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Idan aka ce ka ƙirga waɗanda suka haura wani nauyi, sikelinka kuma yana tauye kashi 20, ba kashi 20 na ƙirgarka za ka rasa ba. Kana iya rasa rabi ko fiye, domin mafi yawan waɗanda suka cancanta suna nan dab da layin. Haka gunguna suke. Ƙaramin kuskure a nauyi yana zama babban kuskure a hukunci. Kuma kowane mudu yana da irin tasa tawaya. Na gudun birane yana ruɗewa idan wasu biranen da ba 'yan gungun ba suka faɗo cikin layin gani. Na iska ya ginu ne a kan cewa iskar a natse take, alhali idan tana tafasa tana juyi, wani ɓangare na ƙarfin da ke ture murfin ba zafi ba ne, motsi ne, sai lissafi ya fito ƙasa da gaskiya. Na lanƙwasar haske yana haɗa duk nauyin da ke kan hanya, na gaba da na baya, kuma gungu mai siffar ƙwai yakan fi nauyi a ido idan tsininsa ne ya fuskance mu. Gwargwadon nisa kuma gwargwadon wahala, domin gungunan nesa yara ne da ba su natsu ba, biranen da ke bayansu kuma kaɗan ne kuma dishi-dishi.

Abin da ya faru a 2013 shi ya tabbatar mini da ra'ayina. Tauraron ɗan'adam na Turai mai suna Planck ya auna tsohon hasken da ya cika ko'ina, wanda ya taso tun sararin samaniya na da shekara 380,000. Daga wannan haske ana iya hasashen manyan gunguna nawa ya kamata a samu yau. Planck ɗin kuma yana iya gano gungunan da kansa, ta wata hanya da Rashid Sunyaev da Yakov Zeldovich suka bayyana a farkon shekarun 1970: tsohon hasken idan ya ratsa iskar gungu mai zafi yakan bar tabo, kuma tabon ba ya dusashewa da nisa, abin da ya sa hanyar ta zama gwanar farautar gungunan nesa. Da aka ƙirga gunguna 189, sai aka ga ba su kai yadda aka yi hasashe ba. Na'ura ɗaya, amsa biyu. Nan take aka fara kawo bayanai masu daɗin ji, ciki har da cewa wataƙila ƙwayoyin niyutirino sun fi nauyin da ake zato, sun hana gunguna girma. Amma akwai bayani mara daɗin ji. An ɗauka mudun iska yana tauye kusan kashi 20. Idan tauyewar ta kai kusan kashi 40, saɓanin ya tafi. Sai wasu ƙungiyoyin masana suka koma suka auna gungunan ɗaya bayan ɗaya da lanƙwasar haske. Wata ta sami tauyewar kusan kashi 30, wata ashirin da 'yan kai, wata ƙasa da haka. Shekaru aka yi ana wannan aiki na duba siffofin birane da tantance nisansu, aikin da babu gidan rediyon da zai buɗe labarai da shi. Tsakanin wannan da wani gyara da aka yi wa lissafin tsohon hasken a 2016, giɓin ya ragu ƙwarai. A 2024, da madubin eROSITA na Jamus ya fitar da jerin gunguna kusan 12,000, aka kuma daidaita nauyin waɗanda aka yi lissafi da su ta lanƙwasar haske tun daga farko, sakamakon ya zo daidai da na tsohon hasken.

Ga wani misali da ya fi wannan fitowa fili. A 2012 aka sanar da wani gungu da aka gano da madubin Atacama a ƙasar Chile, aka yi masa laƙabi da El Gordo, wato "mai ƙiba" da Sifaniyanci. Haskensa ya yi kusan shekara biliyan 7 a hanya, kuma gunguna biyu ne ke karo. An fara ƙiyasta nauyinsa a kan rana tiriliyan 2,000 da 'yan kai. A 2014 aka auna da madubin Hubble aka ce kusan tiriliyan 3,000 ne, jaridu suka ɗauka. Wasu masana suka rubuta cewa gungu mai wannan nauyi, yana irin wannan karo, tun a wancan zamani, ya saɓa wa tsarin da aka yarda da shi. A 2021 aka sake aunawa da hotuna masu faɗi da suka kai gefen gungun, nauyi ya sauko zuwa kusan tiriliyan 2,100. Gungun bai rame ba, mudu aka gyara. Wanda ya karanta labarin 2014 bai karanta na 2021 ba, har yau yana yawo da tsohuwar lamba a kansa.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce labarin "mafi girma" da "mafi nisa" shi ke jawo hankalin jama'a da na masu ba da kuɗi, kuma shi ke sa yaro ya yi sha'awar fannin. Gaskiya ne, ni ma hoton Webb ne ya jawo ni. Za a kuma ce ƙato ɗaya da bai kamata a same shi ba ya isa ya rushe ra'ayi, kamar yadda gunguna uku suka yi aiki a 1998. Wannan ma gaskiya ne. Amma gunguna ukun nan sun yi tasiri ne saboda bambancin da ke tsakanin ra'ayoyin da ake gwadawa a lokacin yana da faɗi, ko da mudu mai tawaya ana iya rabe su. Tambayoyin yau sirara ne. Ana son a san ko ƙarfin da ke hanzarta faɗaɗa yana sauyawa da zamani, da kuma nauyin niyutirino, kuma bambancin amsoshin bai fi 'yan kashi kaɗan ba. Madubin Euclid na Turai da aka harba a 2023, da na Vera Rubin a Chile wanda ya fitar da hotunansa na farko a watan Yunin 2025, har da na gungun Virgo, za su tara gunguna dubun-dubata. Yawan buhuna ba ya gyara mudu. Idan awon yana da tawaya, auna buhu 100,000 da shi sai dai ya ƙara maka tabbaci a kan amsar da ba daidai ba, wanda ya fi rashin sani muni.

Mu da muke karatun harshe muna da hannu a nan fiye da yadda muke zato, tunda daga cikinmu ne ake samun masu fassara labarai a rediyo da jaridu. Masani yakan rubuta lambarsa tare da iyakar kuskurenta da hanyar da ya bi. Kafin labarin ya iso kunnen mai shayi, "kimanin" ta faɗi a hanya, "idan iskar a natse take" ta ɓace, sai lamba tsirara. Mai sauraro mai hankali irin abokina, idan ya ji lamba tsirara yau ya ji wata daban gobe, ba laifinsa ba ne idan ya ce shaci-faɗi ne.

Aikin da ya fi burge ni a duk abin da na karanta na wani madubi ne da bai yi tsawon rai ba. Japan ta harba Hitomi a watan Fabrairun 2016, ya lalace a watan Maris. Cikin 'yan makonnin da ya yi, ya duba tsakiyar gungun Perseus ya auna motsin iskarsa kai tsaye, abin da ba a taɓa yi da irin wannan daidaito ba. Ya sami gudun kusan kilomita 164 a sakan, wanda ke nufin motsi bai fi kusan kashi 4 na ƙarfin da zafi ke bayarwa ba. Wato a wannan wuri mudun iska bai tauye sosai ba. Amma gungu ɗaya ne, na kusa, kuma tsakiyarsa kaɗai. Magajinsa XRISM, wanda aka harba a watan Satumban 2023, yana bin wasu gungunan da irin wannan awo. Gefen gungu, inda sabuwar iska ke kwararowa tana gwabzawa da tsohuwa, da kuma gungunan nesa da ba su gama haɗuwa ba, su ne wuraren da ake zargin tauyewar ta fi yawa, kuma su ne suka fi wuyar aunawa.